Hatimin Da Aka Soke: Wa Zai Gaya Wa Mai Gadi?

Wannan ita ce laccar da wani tsohon ɗalibinmu, wanda ke aikin tsaron hanyoyin sadarwar kwamfuta, ya gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Mun buga ta yadda ya karanta ta, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Da farko ina godiya bisa ga wannan gayyata da kuka yi mini. An nemi in yi magana a kan tsaron hanyoyin sadarwa na ma'aikatu, to, fagen kuwa yana da faɗi ƙwarai, ba a iya kewaye shi a zama ɗaya. Saboda haka na zaɓi lungu guda wanda ba a cika leƙa shi ba, watau yadda ake soke takardar shaida, da yadda labarin sokewar yake isa ga wanda ya kamata ya ji shi tun kafin a yi ɓarna.

Bari in fara daga gida. Masana tarihi sun bayyana cewa Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure, yana cikin waɗanda suka karɓi tuta a zamanin jihadi. Da Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a shekarar 1819, sai gardama ta tashi a kan ko Ɗantunku mai cin gashin kansa ne ko kuwa yana ƙarƙashin Kano. Aka yi shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardamar, ya tabbatar wa Ɗantunku ƙasarsa. Abin lura a nan shi ne, tuta ƙyalle ce, ba ta da bakin magana. Duk wanda yake son sanin matsayinta a yau, lalle ne ya koma ga gidan da ta fito ya tambaya.

Haka nan idan sarki ya tuɓe hakimi, rawani ya sauka, amma mai yiwuwa ne hatimin yana nan a aljihun mutumin. Idan ya rubuta takarda ya buga hatimi, ya aika wa dagacin wani ƙauye mai nisa kafin jakadan sarki ya isa can, dagaci zai karɓa da hannu biyu, domin hatimin na gaskiya ne. Ikon da ke bayansa ne ya riga ya mutu. Kusan dukanmu kuma mun ɗanɗana irin wannan a farkon 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sa ranar daina karɓar tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Takarda tana nan sumul a hannun mai ita, ba ta yage ba, ba jabu ba ce, amma a kasuwannin ƙauye kowa tambayarsa ɗaya ce: yau ana karɓa ko an daina?

Mene Ne Takardar Shaidar Na'ura?

To, wannan tambaya ita ce kwamfutoci suke yi wa junansu dare da rana. Duk sa'ad da ɗayanku ya buɗe shafin banki, ko shafin biyan kuɗin makaranta, babbar kwamfutar da ke can takan miƙo wata takardar shaida ta lantarki. A cikinta akwai sunan shafin, da mabuɗinsa na fili, da ranar da takardar ta fara aiki da ranar da za ta ƙare, da wata lamba da ta keɓanta da ita, sa'an nan da hatimin hukumar da ta bayar da ita. Mai shafin kuma yana riƙe da mabuɗin asiri, wanda da shi ne yake tabbatar da cewa takardar tasa ce. Manyan ma'aikatu, kamar bankuna da jami'o'i da asibitoci, sukan kafa tasu hukumar hatimi ta cikin gida, su ba kowane ma'aikaci da kowace na'ura takarda, wadda da ita ce ake shiga sadarwar ma'aikatar ko a sa hannu a kan takardun kuɗi.

Sai dai takarda takan lalace tun wa'adinta bai cika ba. Ana iya sace mabuɗin asiri, ana iya sallamar ma'aikaci, kwamfutar hannu tana iya ɓacewa a tasha, hukumar kanta tana iya ba da takarda bisa kuskure. A watan Afrilu na 2014 an gano wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin manhajar OpenSSL, wadda ta ba ɓarayi damar tsamo mabuɗan asiri daga manyan kwamfutoci, har ya zama dole a soke takardu dubbai cikin 'yan kwanaki. Soke takarda a ofishin hukuma aikin minti ɗaya ne. Wahalar ita ce isar da labarin ga kowane mai gadi a kowace ƙofa.

Hanyoyi Biyu Na Jin Labari

Hanya ta farko ita ce jerin sokakkun takardu, wanda ake taƙaita sunansa da CRL. Hukuma takan rubuta lambobin dukan takardun da ta soke, ta buga hatimi, ta ajiye inda kowa zai ɗauka, kamar yadda ake liƙa sunayen korarrun ɗalibai a allon sanarwa. Aibinsa biyu ne: jerin yakan yi nauyi idan sokakku sun yi yawa, kuma tsakanin bugu da bugu akwai tazara. Wanda aka soke takardarsa ranar Litinin, idan ba za a sake buga jeri ba sai Juma'a, to ya sami kwana huɗu yana cin karensa ba babbaka.

Hanya ta biyu ita ce tambayar nan take, wadda ake kira OCSP. An tsara ƙa'idojinta a 1999, aka sabunta su a 2013. A nan mai gadi ba ya ɗaukar jeri dungum, sai ya aika da lambar takarda ɗaya tak ga wata na'ura da hukuma ta wakilta, wadda zan riƙa kira mai amsa. Mai amsa yana da amsoshi uku: lafiya lau, ko an soke, ko ban san ta ba. Kowace amsa tana ɗauke da hatimi, da lokacin da aka rubuta ta, da lokacin da za ta tsufa. Wannan daidai yake da abin da mai POS yake yi a bakin kasuwa. Ba ya duban kyan katin da aka miƙa masa, sai ya tambayi banki a take, in banki ya yarda ya ƙirga kuɗi.

Idan Aka Yi Shiru Fa?

Yanzu mun zo kan gaɓar da ta fi kowace muhimmanci. Mai gadi ya aika tambaya, amsa ba ta zo ba. Ko ya buɗe ƙofa, ko ya rufe, babu ta uku. Mai POS na Gwiwa ko Roni ya daɗe da yanke nasa hukuncin: in babu sabis babu kuɗi, ko da kai ɗan'uwansa ne. Amma yawancin manhajojin shiga intanet sun zaɓi akasin haka. In ba su ji amsa ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, sai su ɗauka lafiya ce, su wuce. Dalilinsu shi ne, in da za su rufe ƙofa duk lokacin da mai amsa ya yi nawa, da mutane sun yi watsi da su.

Ku dubi inda gizo ke saƙar. Ɓarawon da ya iya tsayawa tsakaninka da bankinka har ya nuna maka sokakkiyar takarda, ai shi ne kuma yake da ikon tare tambayar da ka aika, ya hana ta isa. Ashe ke nan binciken yana aiki ne a ranar da babu ɓarawo, ya kwanta a ranar da ɓarawo ya zo. Wannan ne ya sa tun 2012 kamfanin Google ya sanar da janye wannan tambaya daga manhajarsa ta Chrome, ya koma aika wa manhajar wani taƙaitaccen jeri na kansa.

Rufe ƙofa kuma yana da tasa illar. Ranar 12 ga Nuwamba 2020 mai amsa na kamfanin Apple ya yi nauyi, sai masu kwamfutocin kamfanin a ƙasashe daban-daban suka ga manhajojinsu sun ƙi buɗewa da wuri, suna jiran amsar da ba ta zuwa. In haka ta sami kamfani irin wannan, ina ga mu? Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da dama suka tsaya a Nijeriya. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomi 13 na maƙwabciyarmu Katsina saboda matsalar tsaro. Ga kuma ɗauke wuta, wanda ba sai na ba ku labarinsa ba. A wurinmu shirun mai amsa abin yau da gobe ne. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, to, lalle ne kowace ma'aikata ta zauna tun da wuri ta yanke abin da shiru yake nufi a kowace ƙofa tata.

Darasin DigiNotar

A tsakiyar 2011 wani ɗan kutse ya shiga na'urorin wata hukumar hatimi ta ƙasar Holan mai suna DigiNotar, ya buga wa kansa takardun jabu fiye da 500, har da ta sunan Google. Hukumar ta gano kutsen a watan Yuli amma ta yi gum da bakinta, sai a ƙarshen Agusta asiri ya tonu, bayan da wani mutum a Iran ya ga gargaɗi a manhajarsa ya kai ƙara. Kafin watan Satumba ya ƙare kamfanin ya durƙushe.

Darussa biyu nake so ku riƙe. Na farko, mai amsa na DigiNotar an saita shi ne ya ce lafiya lau ga duk lambar da ba ta cikin jerin sokakku, har da lambobin da hukumar ba ta da rajistarsu sam. Watau kamar mai gadin da aka ba sunayen korarru kaɗai, duk baƙon da sunansa ba ya ciki sai ya ce masa bismilla. Na biyu, kundin da mai amsa yake rubuta tambayoyin da aka yi masa shi ne ya nuna girman ɓarnar. Masu bincike sun tarar da adireshin intanet kimanin 300,000 da suka yi tambaya a kan takardar jabun nan ta Google, kusan dukansu daga Iran. Ba domin wannan kundi ba, da ba a san yawan waɗanda aka leƙa wasiƙunsu ba. Amma ku lura, kundin da ya taimaki masu bincike shi ne kuma yake nuna wa hukuma shafin da kowa ya ziyarta, don haka amana ce mai nauyi.

Yadda Ake Kafa Shi A Ma'aikata

Ga waɗanda za su riƙe wannan aiki gobe, ga abubuwan da suka wajaba.

Na farko, adireshin mai amsa da na jerin sokakku a cikin takardar shaidar ake rubuta su tun ranar da aka buga ta, ba a iya gyara su daga baya sai dai a sake buga takardun duka. Tun ran gini tun ran zane. A zaɓi suna mai ɗorewa, wanda ake iya kaiwa gare shi daga cikin ma'aikata da wajenta, a kuma tabbata katangar tsaro ba ta tare hanyarsa.

Na biyu, mai amsa ba ya sanin gaibu. Wanda ke cikin Windows Server, alal misali, daga jerin sokakku yake ɗebo labarinsa, kuma in ba a canza saitin asali ba, cikakken jerin mako-mako ake buga shi, ƙaramin jerin ƙari kuma kullum sau ɗaya. Wanda ya soke takarda bai buga sabon jeri ba, bai gama aikinsa ba.

Na uku, mai amsa yana da tasa takardar da yake buga hatimi da ita. A gajarta wa'adinta, a sa ta riƙa sabunta kanta, a killace mabuɗinta sosai, domin wanda ya sace shi yana iya wanke kowane ɓarawo.

Na huɗu, kada a dogara ga mai amsa guda. A kafa biyu a wurare daban, kowane da batirinsa ko hasken rana, a bar jerin sokakku a matsayin madogara in duka biyun sun faɗi. Ma'aikatar da ke da rassa a nesa ta ajiye kwafin jerin a kowane reshe.

Na biyar, a daidaita agogon dukan na'urori. Kwamfutar da batirin agogonta ya mutu takan farka tana zaton shekarun baya ne, ta ƙi amsa mai kyau ko ta karɓi tsohuwa.

Na shida, a yi amfani da dabarar maƙala amsa. A nan babbar kwamfutar ce da kanta take zuwa ta karɓo amsa mai hatimi, ta maƙala ta a jikin takardarta, ta miƙa wa duk mai zuwa. Ta haka an rage zirga-zirga, an kuma rufa wa masu ziyara asiri.

Na bakwai, a rarrabe ƙofofi. Ƙofar baitulmali, da ta sakamakon jarrabawa, da ta masu iko da na'urorin kansu, in an yi shiru a rufe. Ƙofar karanta sanarwa ana iya sassauta mata. Wannan hukunci na shugabannin ma'aikata ne, a rubuce, da sa hannunsu. Bai kamata a bar shi a wuyan ƙaramin ma'aikacin da aka tasa da tsakar dare ba.

Binciken Odita

Na taɓa aiki a wata ma'aikata, ba zan kama suna ba, inda uwar hukumar hatiminsu take a kashe cikin akwatin ƙarfe, ana kunna ta shekara-shekara don a buga sabon jeri. Wanda ya san ranar aka yi masa canjin wurin aiki. Wata safiya jerin ya tsufa, ma'aikata kaf suka kasa shiga, aka rasa mai mabuɗin akwati. Don a samu a yi aikin ranar, sai aka kashe binciken sokewa gaba ɗaya, da niyyar a mayar da shi gobe. Da na zo bayan watanni na tarar goben nan ba ta yi ba, kuma takardun mutanen da aka sallama tuni suna buɗe ƙofa kamar ba a taɓa soke su ba. A rahoton shekara kuwa an rubuta cewa kome yana tafiya daidai.

Saboda haka odita na gari ba ya gamsuwa da an ce. Gani ya kori ji. Ya sa a buga masa takardar gwaji, a soke ta a gabansa, ya duba agogo, sa'an nan ya bi ƙofa-ƙofa yana gwada ta, ya rubuta mintin da kowace ƙofa ta fara ƙin ta. Wannan tazara ita ce ainihin ƙarfin tsaron ma'aikatar. Bayan haka ya toshe hanyar mai amsa da gangan, ya ga ko kowace ƙofa ta yi abin da aka rubuta mata. Ya ƙirƙiri lambar da ba a taɓa bugawa ba, ya tambaya, in aka ce masa lafiya lau to cutar DigiNotar tana gidan. Ya karɓi sunayen waɗanda suka bar aiki daga ofishin ma'aikata, da jerin na'urorin da suka ɓace, ya gwama su da jerin sokakku ɗaya bayan ɗaya. Ya duba ranar tsufan kowane jeri, ya tambaya wa ake faɗakarwa kafin ranar ta zo, wa ke maye gurbinsa in ba ya nan. Daga ƙarshe ya leƙa kundin tambayoyi. In ya ga ana ta tambaya a kan wata sokakkiyar takarda, to wani yana can yana gwada ta. Ya kuma bincika su wa ke da izinin karanta kundin, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatu alhakin tsare bayanan mutane. Kayan aikin ba su da tsada, OpenSSL kyauta ne, certutil kuma yana cikin Windows. Abin da yake tsada shi ne naci da riƙon gaskiya.

Inda Duniya Ta Dosa

A fagen intanet na kowa da kowa, tauraron OCSP ya fara dusashewa. A 2023 majalisar da ta haɗa hukumomin hatimi da masu manhajojin shiga intanet ta mayar da shi ganin dama, ta wajabta buga jerin sokakku. Hukumar Let's Encrypt, wadda take ba da takardu kyauta ga miliyoyin shafuka, ta rufe nata mai amsa a Agusta 2025, babban dalilinta kuwa shi ne kare sirrin masu ziyara. A Afrilu 2025 majalisar nan ta amince a riƙa gajarta wa'adin takardu daga kwana 398 zuwa 200 a Maris 2026, zuwa 100 a Maris 2027, har zuwa 47 a Maris 2029. Hikimar a fili take: hatimin da ke mutuwa da kansa da wuri ba ya daɗewa a aljihun tuɓaɓɓe. Amma waɗannan ƙa'idoji ba su shafi hukumomin cikin gida na ma'aikatu ba, inda katin ma'aikaci yakan yi shekara ko fiye. Can nauyin yana kanku.

Ƙannena, yankinmu ya yi sa'a. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga makarantar koyon ilmin kwamfuta da aka kafa a garin zamanin Gwamna Saminu Turaki, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafawa a Babura a 2021. Daga cikinku ne za a sami waɗanda za su riƙe na'urorin bankuna da asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomi. Mu mutane ne masu son bikin naɗi, ana kiɗa ana busa, amma ranar karɓe hatimi kowa sai ya sunkuyar da kai, don kunya ko don tsoro. Ina roƙonku, duk ofishin da Allah ya kai ku, ku yi tambayoyi uku a makonku na farko: wa muka ba hatimi, wa muka karɓe wa, kuma awa nawa labarin yake yi kafin ya isa ƙofa ta ƙarshe? Ku ma fara da ƙungiyar nan taku. Shugabannin bara da suka sauka, an karɓi hatimin ƙungiya da kalmomin sirrin shafukanta daga hannunsu, an sanar da banki cewa sa hannunsu ya daina aiki? Na ga ma'aji yana murmushi, to, na bar muku wannan ku tattauna bayan an tashi.

 Kurakuran da ke ciki nawa ne, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya ba ku nasara a karatunku.